Injin CNC Ya Kama Shaƙuwa Bayan Canja Kwamfuta: Yadda Ake Bin Sawun Matsalar

Tun da Microsoft ta janye hannunta daga Windows 10 a watan Oktoban 2025 mutane suka shiga canja kwamfuta, tambaya guda ke ta zuwa mini daga masu ƙananan injinan CNC, wato injinan yanka da sassaƙa da kwamfuta ke tuƙawa, a nan Kaduna, daga masu sassaƙa ƙofa a Panteka har masu yanka haruffan allon talla a Kakuri. Inji yana lafiya lau da tsohuwar kwamfuta, ana jona sabuwa sai ya kama shaƙuwa. Ya tafi ya cije, ya sake zabura, gefen katako ya fito da tabo-tabo, wani lokacin ma da'ira ta ƙi haɗuwa. Na amsa ta waya har na gaji da maimaitawa, shi ya sa na zauna na jera matakan yadda nake bin su.

Ka riƙe abu ɗaya kafin mu fara: kwamfuta ka canja, ba inji ba. Kada ka ɗauki sifana tukuna. Kuma duk gyaran da za ka yi, yi ɗaya ka gwada, sannan ka wuce na gaba. Wanda ya canja abu biyar lokaci guda, ko injin ya warke bai san me ya warkar da shi ba, ranar da ciwon ya dawo sai ya koma farko.

Ka tanadi filashi, mitar awon wuta, littafi da biro, gajeren kebul na USB mai kauri, guntun katakon da ba ka so, da tsohuwar kwamfutar idan tana nan.

1. Kwashe saitin tsohuwar kwamfuta

Idan ba ka sayar da ita ba, kada ka sayar. Kunna ta. Mai amfani da Mach3, manhajar da ke tuƙa injin daga kwamfuta, ya shiga C:\Mach3 ya kwafe fayil ɗin saitinsa mai ƙarewa da .xml, galibi Mach3Mill.xml ko sunan da ya sa wa injinsa, da fayil ɗin lasisi Mach1Lic.dat, da jakar PlugIns da ta macros. Kwafe jakar Mach3 ɗin gaba ɗaya ma ya fi sauƙi. Ɗauki hoton kowane shafin saiti da wayarka.

Mai GRBL, wato wanda injinsa ke da bod ɗin Arduino a ciki, saitinsa na zaune a cikin bod ɗin, canjin kwamfuta ba ya taɓa shi. Duk da haka rubuta $$ a manhajar turawa ka ajiye jerin lambobin da suka fito.

Sannan mayar da tsohuwar kwamfutar jikin injin ka tura aikin da ya yi shaƙuwa. Idan ya tafi sumul, injin lafiyarsa ƙalau, laifin na sabuwar kwamfuta ne. Idan a nan ma ya cije, to wata waya ce ta saki lokacin da kake ciccire kebul, ko ƙurar hunturu ta cakuɗe da giris a kan sandunan. Share, matse, ka sake gwadawa.

2. Saurari irin shaƙuwar

Wannan matakin ne mutane ke tsallakewa, alhali shi ke rage rabin wahala. Ɗaga kan yankan sama, kada ka kunna shi, ka tura wannan a iska:

G21 G90
G1 X200 F1000
G1 X0

Kasa kunne. Moton sitefa mai lafiya yana da kuka guda, siriri, ba ya rawa.

Idan a miƙaƙƙen layi kana jin "ƙat" jefi-jefi ba tsari, ko duk lokacin da ka motsa linzamin kwamfuta ko ka buɗe wata taga, kwamfutar ce ke shagala, tana jinkirta bugun lantarkin da take aika wa motocin don su yi taku, duba mataki na 3 zuwa na 5. Idan miƙaƙƙen layi lafiya ne amma a kwana da zane mai lanƙwasa yake tsattsayawa, matsalar tana cikin fayil ɗin aikin ko saitin tafiya, wuce mataki na 7. Idan moto ya yi gurnani ya tsaya cak alhali lambobi na ci gaba da gudu a allo, ko dai gudun ya yi masa yawa ko bugun ba ya isa gare shi da ƙarfi, duba mataki na 3 da na 6. Idan kuwa a iska komai daidai ne, sai ka kunna kan yanka abin ya rikice, hayaniyar lantarki ce, mataki na 8 ne naka.

Rubuta wanda ka ji a littafi.

3. Mai tsohuwar kafar firinta da Mach3

A nan yawancin masu kuka suke, don haka zan daɗe.

Injinan da ake jona wa kwamfuta ta faffaɗar kafar nan mai ramuka 25 ba su da ƙwaƙwalwar lissafin tafiya. Kwamfutar ce da kanta ke ƙirƙirar kowane bugu, sau 25,000 a daƙiƙa a saitin farko na Mach3, kuma dole tazarar bugun ta zama daidai wa daida. Da zarar Windows ta waiwaya ta yi wani aiki, moto zai ji a jikinsa. Sabuwar kwamfuta ta fi gudu, gaskiya ne, amma ta fi tsohuwar yawan waiwaye.

Da farko duba irin Windows ɗinka. Direban Mach3 na kafar firinta yana aiki ne kawai a Windows mai 32-bit, irin su XP da 7. Ba ya aiki a 64-bit, kuma Windows 11 gaba ɗayanta 64-bit ce. Idan abin da ke kan sabuwar kwamfutarka ke nan, babu saitin da zai fitar da kai, wuce mataki na 10 kai tsaye. Laftof ma ba a ba da shawararta ga wannan hanya, saboda dabarun tattalin batir da ke cikinta suna hargitsa bugun.

Hattara: kebul ɗin nan da ake sayarwa mai USB a baki ɗaya da kafar firinta a ɗaya bakin, na firinta ne kawai. Ba zai taɓa tuƙa CNC ba. Ni kaina na taɓa sayensa a farkon shigata harkar, mai shago ya rantse mini zai yi, na ɓata kwana biyu ina zargin injina.

Idan Windows ɗinka 32-bit ce, rufe Mach3, shiga jakarta ka buɗe DriverTest.exe. Zai zana layi a allo. Layin da ake so miƙaƙƙe ne, da ƙananan tsini nan da can, lambar bugun kuma ta tsaya kusa da 25,000. Idan layin ya zama kamar haƙoran zarto, ka kama ɓarawon. Sake kunna kwamfuta ka shiga BIOS, wato saitin bod ɗin kwamfuta da ake shiga kafin Windows ta tashi, ka kashe SpeedStep da C-States idan Intel ce, ko Cool'n'Quiet idan AMD ce. Waɗannan su ke rage wa kwamfuta gudu idan ta ga kamar ba ta da aiki. Adana, fito, sake DriverTest.

Hattara: idan ƙaramin batirin nan mai kamar kwabo da ke kan bod ɗin kwamfuta, CR2032, ya mutu, duk lokacin da aka ɗauke wuta saitin BIOS zai goge ya koma yadda yake. A garin da ake ɗauke wuta sau da yawa a yini, za ka gyara da safe ka tarar da shaƙuwa da la'asar. Alamarsa ita ce agogon kwamfuta na komawa baya. Batirin ba shi da tsada, masu gyaran agogo ma na da shi. Duk kwamfutar tokumbo da na saya, shi nake fara canjawa.

Sai adireshin kafar. Wadda ke manne da bod ɗin kwamfuta adireshinta 0x378 ne, shi Mach3 ke zuwa da shi. Idan sabuwar ba ta da kafar, ka sa kati na PCI, adireshin daban ne. Shiga Device Manager, buɗe kafar, duba shafin Resources, ɗauki lambar farko ka zuba a Ports and Pins.

Abu na ƙarshe a nan, wanda ya fi ɓoyewa. Tsofaffin kwamfutoci na fitar da bolt 5 a wannan kafa, da yawa daga sababbin da katunan PCI kuwa 3.3 suke bayarwa. Wasu bod ɗin injin na karɓar 3.3 da ƙyar, su ga wani bugun su rasa wani. Auna da kanka. Duba a Ports and Pins wace ƙusa ce Dir ta X, ɗora jan tsinken mita a kanta, baƙin a kan ɗaya daga ƙusoshi 18 zuwa 25 waɗanda su ne ƙasa. Matsa X dama ka karanta, matsa hagu ka karanta. Ɗaya zai ba ka kusan sifili, ɗayan 5 ko 3.3. Idan 3.3 ne, ka nemi bod mai ƙarfafa sigina wanda ake ba wa bolt 5 nasa daban, ko ka canja kati.

Hattara: ƙusoshin suna kusa da juna. Idan tsinken mita ya haɗa biyu kana iya ƙona kafar. Auna a kan sukurorin bod ɗin injin, ya fi faɗi.

4. Mai USB

Mai GRBL da mai jan bod ɗin nan na Mach3 USB, lissafin bugu ba a kwamfuta ake yinsa ba, a bod ne. Aikin kwamfuta kawai ta riƙa zuba umarni kada rumbun bod ya ƙare. Rumbun kuwa ƙarami ne: a Arduino Uno harafi 128 yake ɗauka, da layukan tafiya da ba su wuce goma sha shida ba. Kwamfuta ta yi jinkiri kaɗan, inji ya cinye abin da ke hannunsa, ya tsaya jira. Shaƙuwar ke nan.

Tabbatar gudun sadarwa 115200 ne idan GRBL 1.1 kake da shi. Yawancin bod ɗin da ke kasuwarmu na amfani da CH340, ɗan cif ɗin da ke haɗa bod da USB, ka sauko da direbansa ka sa da hannu. Jona kebul a bayan kwamfuta, kada ka yi amfani da kafofin gaba ko mahaɗar USB mai baki da yawa. Kebul ya zama gajere, kada ya wuce mita biyu, mai dunƙulen nan baƙi kusa da bakinsa. Mai jan bod ya tabbata ya kwafo RnRMotion.dll zuwa jakar PlugIns, ya zaɓe shi lokacin da Mach3 ke buɗewa.

Idan manhajar turawarka Universal Gcode Sender ce ko Candle, kashe hoton da ke nuna tafiyar inji a allo ka gwada. A babban fayil na sassaƙa, zana hoton nan kaɗai kan danne kwamfuta.

5. Hana Windows gyangyaɗi

Wannan na kowa ne, kuma kyauta ne. A Control Panel shiga Power Options, zaɓi High performance. Cikin saitin da ke ƙarƙashinsa sa barci da kashe hard disk a Never, ka mayar da USB selective suspend zuwa Disabled. Koma Device Manager, buɗe kowane USB Root Hub, a shafin Power Management cire alamar da ke bai wa kwamfuta izinin kashe shi.

Kashe Wi-Fi kafin ka fara yanka. Windows na iya fara sauko da sabuntawa a tsakiyar aikin awa huɗu, OneDrive da manhajar rigakafin bairos su ma su shiga nasu. Kada ka tura aiki kai tsaye daga filashi, kwafe shi cikin kwamfuta. Kuma a gaya wa yaran shago, kwamfutar inji ba ta kallon fim ba ce, ba ta cajin waya ba ce. Jona waya a USB ana cikin yanka ya isa ya ɓata ƙofa guda.

6. Daidaita lambobin moto

Wanda ya sa Mach3 sabuwa fil bai kwafo saitinsa ba, lambobin da ya tarar a Motor Tuning ba na injinsa ba ne. Kwatanta su da hotunan da ka ɗauka. Idan babu hoto, lissafin ba wuya. Moto mai digiri 1.8 na yin taku 200 a zagaye guda. Idan maɓallan jikin direban moto, wato akwatin da ke ba shi wuta, TB6600 ne ko DM542, na kan rabon 8, taku 1,600 ke nan. Sandar zare mai lamba 1605 na tafiya milimita 5 a zagaye. Raba 1,600 gida 5, ka sami 320. Shi za ka sa a Steps per, ko a $100 zuwa $102 ga mai GRBL.

Daga nan za ka san iyakar gudunka. Bugu 25,000 a raba 320 ya ba da kusan milimita 78 a daƙiƙa, wajen 4,680 a minti. Idan rabon 16 ne, taku 640 a milimita, iyakar ta sauko wajen 2,340. GRBL a kan Uno na kaiwa bugu kusan 30,000, don haka mai taku 640 da ya sa $110, wato iyakar gudun X, ya haura 2,800 ya nemi abin da bod ba zai iya ba.

Fara da rage Velocity da Acceleration zuwa rabi. Idan shaƙuwa ta tafi, riƙa ƙarawa kaɗan-kaɗan har moto ya fara cijewa, sannan ka ja baya da kamar kashi ɗaya cikin huɗu. A ƙasan shafin akwai Step Pulse da Dir Pulse, sa su a 5. DM542 na buƙatar bugun da tsawonsa bai gaza maikrosakan 2.5 ba, gajeren bugu daga sabuwar kwamfuta kan wuce shi bai gani ba. A GRBL wannan shi ne $0, kuma 10 da yake zuwa da shi ya wadatar.

Hattara: danna Save Axis Settings kafin ka koma wani moto, in ba haka ba abin da ka rubuta ya tafi. Kuma kada ka ɗaga Kernel Speed zuwa 45,000 ko 60,000 don kawai kwamfutar sabuwa ce, ƙarin kaya kake ɗora mata. Idan dole ta sa ka canja, rufe Mach3 ka buɗe, ka sake adana saitin kowane moto.

Idan aiki na tsayawa daidai layi na 500 kullum, wannan ba shaƙuwa ba ce. Lasisinka ne ba ka kwafo ba, Mach3 ta koma ta gwaji.

7. Idan a kwana kaɗai yake tsattsayawa

A Mach3 shiga General Config ka duba Motion Mode. Exact Stop na sa inji ya tsaya cak a ƙarshen kowane ɗan layi, Constant Velocity kuma na sa ya zarce. Zanen fure a jikin ƙofa dubban ƙananan layuka ne, ka ga abin da zai faru idan yana tsayawa a kowanne. Zaɓi Constant Velocity, ka ɗaga LookAhead daga 20 zuwa 100 ko 200. Buɗe fayil ɗin aikin a Notepad, idan ka ga G61 a sama shi ke mayar da kai Exact Stop, G64 ake so.

Akwai kuma tarkon da ke kama kusan duk wanda ya sake sa manhajar zane, ArtCAM ko Aspire, a sabuwar kwamfuta. Wajen adana aiki, manhajar na tambayar irin injin da za ta rubuta wa. Da ka saba da zaɓin da ke zaune tun shekaru, yanzu ya koma wani. Zaɓi mai kalmar Arcs da mm, misali Mach2/3 Arcs (mm) a Aspire. Shi ke rubuta lanƙwasa da G2 da G3, layi guda, maimakon ya daddatsa ta ɗaruruwa. Adana tsohon zane ɗaya sabo ka kwatanta girman fayil ɗin da na da. Idan ya ninka sau da yawa, ka gano wurin.

8. Wuta da wayar ƙasa

Kan yanka mai VFD, wato akwatin da ke sarrafa gudunsa, na watsa hayaniyar lantarki, kebul na USB kuwa kunne gare shi. Tsohuwar kwamfuta mai jikin ƙarfe da fulogi mai baki uku tana zubar da hayaniyar a ƙasa. Laftof mai cajar kasuwa ba ta yi. Gwaji mai sauƙi: cire cajar, tura aiki da batir. Idan ya gyaru, cajar ce.

Raba wayoyin kan yanka da na sigina, kada su kwanta a kwararo ɗaya. Jikin inji da akwatin wuta da VFD su haɗu a wuri guda su tafi sandar ƙasa ta gaske. Shaguna da yawa soket ɗinsu baki uku ne amma na ukun ba a jona shi da komai ba, kira mai wayarin ya duba. Idan maƙwabcinka mai walda ne kuma layinku ɗaya, lura ko lokacin da ya kama aiki ne injinka ke rikicewa. A ƙaramin janareta kuma, tashin kan yanka ko injin zuƙar ƙura kan ja wuta ƙasa. Ɗora kwamfuta da bod a kan UPS, ka bar kan yanka a layinsa daban.

Hattara: VFD na riƙe wuta mai kisa na 'yan mintoci bayan an kashe shi, jira allonsa ya mutu ka ƙara jira. Kada kuma ka taɓa cire wayar moto alhali direba na kunne, direban na iya ƙonewa nan take.

9. Gwajin komawa gida

Kunne na iya yaudara. Sa baki mai tsini, sauke shi ya ɗan huda guntun katako, mayar da X da Y sifili a nan. Ɗaga, tura injin ya je ya dawo sau ashirin a iyakar gudunsa, X da Y tare, kan yanka na kunne a iska. Sauke a sifili. Idan tsinin ya faɗa cikin hudarsa, ba a rasa taku. Sai ka yanka da'ira da murabba'i a katakon banza ka auna, kafin ka ɗora katakon mai aiki.

10. Idan sai an kashe kuɗi

Daga mataki na 1 zuwa na 9, abin da za ka saya bai wuce batir da kebul ba, sai ladan mai wayarin, in ba ta kama sai ka nemi bod mai ƙarfafa sigina, kati ko UPS ba. Wanda Windows mai 64-bit ta tare, hanya biyu gare shi.

Mai araha ita ce tsohuwar desktof ta tokumbo mai kafar firinta a jiki, irin Dell OptiPlex 755, 760 ko 780, a sa mata Windows 7 mai 32-bit. Je da idonka ka ga kafar a baya, kuma ka roƙi mai shago ya bari ka yi DriverTest kafin ka biya. Microsoft ta daina kula da Windows 7 tun Janairun 2020, saboda haka kada ta taɓa hawa intanet. Yi zane a sabuwar, kawo da filashi mai tsabta.

Ta biyun ita ce na'urar da ke ɗauke wa kwamfuta aikin bugu gaba ɗaya. UC100 na shiga tsakanin USB da kafar nan mai 25 ta injinka, ba ka canja waya ko ɗaya, kuma tana aiki da Mach3 a 64-bit. Ethernet SmoothStepper da UC400ETH ta kebul ɗin netwok suke bi, wanda ya fi USB jure hayaniya nesa ba kusa ba. Daga waje ake kawo su, da kuɗin waje, don haka farashinsu na bin canji, kuma sun fi tsohuwar desktof tsada. UC100 na da jabu da yawa a kasuwannin intanet, masu kama da ita a ido amma ba sa karɓar manhajarta ta asali, ka saya wurin dillalin da kamfanin ya amince da shi.

Mai yin abin sha'awa a gida ranar Asabar, tsohuwar desktof ta ishe shi. Wanda kuwa injin nan ne abincinsa, yana da VFD, ga mai walda a gefe, ni mai kebul ɗin netwok nake ce masa ya tara kuɗi ya saya. Ranar da ta iso, ka sa plugin ɗinta, ka kashe Wi-Fi, ka ba katin netwok adireshi tsayayye kamar yadda takardarta ta nuna, sannan ka koma mataki na 6 ka sake saita motocin daga farko kafin ka yi gwajin komawa gida.